Udemezue Anyadike, Mai Busa Oja na Umuodala (1924–2003)

Haihuwa da Asali

An haifi Udemezue Anyadike a shekarar 1924, a garin Umuodala da ke ƙasar Awka, ranar kasuwar Nkwo, ana gab da bikin sabuwar doya. Mahaifinsa, Anyadike ɗan Iloegbunam, manomin doya ne kuma ɗan kokawa, wanda dattawa suka shaida cewa a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Mahaifiyarsa kuwa, Mgbafor, 'yar garin Amaokpu ce, maginiyar tukwane wadda ta shahara wajen ginin udu, tulun nan mai huda a gefe da mata ke kaɗawa da tafin hannu idan suna waƙa. Shi ne na huɗu a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

Ƙuruciya da Karatu

Babban burin Anyadike shi ne ya ga ɗansa ya gaje shi a dandali, amma Allah bai nufa ba. Udemezue ya tashi siriri, marar ƙirji, har waɗanda ya girma suna ɗaga shi su maka da ƙasa idan an haɗa yara kokawa bayan girbi. Shi kuwa abin bai taɓa damunsa ba, domin hankalinsa yana can gefen fili, wurin da kawunsa Ezenwaka, ƙanen mahaifiyarsa, yake tsayawa da oja a baki. Oja 'yar guntuwar sarewa ce ta itace wadda ba ta kai tsawon taƙi ba, amma idan gwani ya busa ta, tana kiran sunan mutum da na ubansa da na kakansa, ta yi masa kirari kalma bayan kalma, har wanda aka haifa a ƙasar ya ji kamar da baki ake faɗa. Kowane gida yana da takensa, kuma duk namijin da ya isa yana da nasa.

A shekarar 1933 aka sa shi makarantar mishan da ke bayan kasuwa, inda ya koyi karatu da rubutu gwargwado, har ya kai aji uku. A ƙarshen shekarar 1937 shugaban makarantar ya same shi a lokacin tara yana busa wata sarewa da ya fafe daga gora, yara sun kewaye shi suna taka rawa. Ya karɓe ta ya karya a gaban ɗalibai, ya ce kayan dodanni ba sa shiga harabar coci. Da aka dawo daga hutu Udemezue bai koma ba. Mahaifinsa ya dube shi ya ce, “Kokawa ta gagare ka, boko ya gagare ka. To kai wai me ka zo yi duniya?” Washegari Mgbafor ta ɗaure masa 'yan tsummokaransa, ta kama hannunsa har Amaokpu, ta danƙa shi ga ƙanenta.

Koyon Busa

Ya zauna a hannun kawunsa daga shekarar 1938 zuwa 1945. A shekarar farko Ezenwaka bai bar shi ya taɓa oja ba ko sau ɗaya. Aikinsa shi ne ɗaukar jakar fata, da bin kawun nasa gidajen biki da na makoki, da haddace asalin kowane gida: wane ya haifi wane, wane ya kashe damisa, wane ya cika rumbu biyu da doya a shekarar fari, wane kuma ba a ambaton sunansa a gaban jikokinsa. Da ya gaji ya yi ƙorafi, sai Ezenwaka ya ce masa, “Yaro, hura iska ai ko akuya tana yi. Ka busa wa mutum taken da ba nasa ba a gaban surukansa, ka ga ko za ka koma gida da haƙora.”

Daga baya aka koya masa riƙe numfashi ta hanyar nutso a rafi, aka kuma koya masa sassaƙa: yadda ake zaɓen itace mai tauri, a huda shi da jan ƙarfe, a shafe shi da manja, a rataye a saman murhu har hayaƙi ya ratsa shi ya yi baƙi wuluk. Ya kuma koyi tafiya tare da sauran makaɗa, da masu kuge da masu ganga da mai ƙaho, domin oja ba ta danne kiɗa, sai dai ta bi ta samansa.

Fitowarsa ta farko a bainar jama'a ta kasance a ƙarshen shekarar 1946, a kokawar da aka saba yi duk shekara tsakanin Umuodala da Amaokpu. Ciwon ƙirji ya kwantar da Ezenwaka, wanda shi ne ya saba busa wa Umuodala, kuma mutanen Umuodala ba su da wani mai busa, don haka suka nemi ɗansu ya tsaya musu. A karawar ƙarshe, wani sa'ansa mai suna Nnabuenyi ya shiga hannun zakaran Amaokpu, har gwiwarsa ta fara lanƙwashewa, mata sun fara kau da kai. Nan take Udemezue ya bar taken Nnabuenyi, ya ɗauko na kakan ɗan kokawar, wani jarumi da ya rasu tun kafin zuwan mota, taken da ba a sake ji ba tun ranar da aka binne shi. Tsofaffin da ke zaune a gindin itacen loko suka miƙe tsaye ba su sani ba. Nnabuenyi ya yi wata irin kururuwa, ya sunkuci abokin karawarsa ya nana da ƙasa.

Da yamma Anyadike ya kira ɗansa zaure, ya fasa goro ya miƙa masa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “Yau dai ka kayar da mutum, ko da yake da baki ka kayar.” Nnabuenyi kuwa har ya tsufa bai taɓa yarda ba. Duk inda suka haɗu a kan ƙwaryar bammi sai ya ce, “Kai, ɗan tsurut, ni na yi gumi, kai ka kwashe suna! Ƙarfina ne, ba wannan tsinken naka ba.” Udemezue ya ce, “Haka ne, sarkin ƙarfi. Gwiwar taka ma ai gaisuwa ta durƙusa yi.” A kan wannan gardama suka yi abota ta shekara hamsin.

Aure da Iyali

A shekarar 1949 ya nemi auren Mgboye, 'yar Nwudu mai saran kwakwar manja, wadda ita ce mai ba da waƙa a ƙungiyar 'yan matan unguwarsu. Nwudu ya so ya ƙi, yana cewa bai taɓa ganin an dafa busa an ci ba, sai da aka kai shi ya ga rumbun doyar da saurayin ya cika da hannunsa, domin Udemezue bai taɓa barin gona saboda oja ba. Aka sha bammin aure a cikin watan Disamba na wannan shekarar.

Allah Ya ba su Obidike a 1951, da Anozie a 1954, da wata 'ya mace a 1957 wadda ta koma tun ba a yaye ta ba, sa'an nan Ifenkili a 1964. Al'adarsa ce ya tsara wa kowane ɗa take tun ranar suna, mace ko namiji, ko da yake ba a saba yi wa mata ba. Da wannan take yake kiransu daga rafi ko daga wurin wasa idan an sauke sakwara, har maƙwabta suka riƙa sanin cewa an gama girki a gidan Mgboye, da kuma wanda ya makara a cikin yaran.

Waɗannan shekaru su ne lokacin da sunansa ya kai ko'ina a ƙasar. Ba a naɗa wa mutum sarautar ozo, ba a fito da babban dodo, ba a binne dattijo a garuruwan da ke kewaye, sai an aiko masa da goro. A shekarar 1961 aka gayyace shi Enugu ya yi busa a gidan rediyo, mutanen Umuodala suka taru a shagon tela, inda akwatin rediyo ɗaya tilo na garin yake, suka ji taken gidajensu yana fitowa daga cikinsa. An ce wata tsohuwa ta amsa da ƙarfi, ta kuma nemi a buɗe akwatin a ba ɗan Mgbafor ruwa ya sha.

Shekarun Yaƙi

Yaƙin basasa ya ɓarke a tsakiyar shekarar 1967. A farkon 1968 Obidike, yana da shekara goma sha bakwai, ya bi sa'anninsa ya shiga soja ba tare da ya yi sallama da mahaifiyarsa ba, kuma daga wata gaisuwa da ya aiko a bakin wani ɗan garinsu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kafin damina ta tsaya, faɗa ya iso kusa da Umuodala, mutanen gari suka watse. Udemezue da iyalinsa suka gangara kudu a ƙafa, suka samu mafaka a wata makarantar firamare da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira. Bai fito da komai daga gidansa ba sai adda da jakar fata. A sansanin bai yi busa ba. Ya ce mamata sun yi yawa, idan ya fara ba ranar gamawa.

A ƙarshen wannan shekarar ciwon yunwa ya kama Ifenkili, tana da shekara huɗu. Ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina kuka, ta daina neman abinci. Masu aikin agaji suka zo suna zaɓen yaran da suka fi galabaita domin a kai su ƙasar Gabon a jirgin sama a yi jinyarsu, suka ce idan iyaye sun yarda za su tafi da ita. Mgboye ta rungume 'yarta ta ce, “Ɗaya ya tafi ban gan shi ba, wannan kuma in miƙa ta da hannuna? In mutuwa ce ta mutu a cinyata, in san inda kabarinta yake.”

Udemezue ya ce, “Uwar Obidike, dube ta da kyau. Ba za ta kai kasuwa biyu ba.”

“Ka san Gabon ɗin? Ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa?”

“Ban sani ba.”

Duk da haka da hantsi ya zare yarinyar daga hannun uwarta, ya kai ta bakin babbar motar da kansa, aka ɗaura mata wani ƙyalle mai sunanta a wuyan hannu. Tun daga wannan rana har yaƙi ya ƙare a watan Janairun 1970, Mgboye tana dafa abin da aka samu ta ajiye masa, tana amsa masa idan ya yi tambaya, amma ba ta sake kiransa da sunan da ta saba kiransa ba, ba ta kuma sake waƙa ba.

Dawowar Ifenkili

Sun koma Umuodala suka tarar da gida ba rufi, rumbu ya zama toka, babbar gangar gari ta kututture kuma an faskara ta an yi makamashi. A ƙarshen 1970 aka ji labarin an fara dawo da yaran da aka kai waje. Udemezue ya bi masaukan da ake sauke su ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa da kuma a bayan motocin kaya, ko'ina a duba a ce babu mai wannan suna. A cikin watan Fabrairun 1971 aka ba su labarin wani masauki a kusa da Okigwe, inda aka tara yaran da sunayensu suka ɓace a hanya. Wannan karon Mgboye ta ɗaura zanenta ta bi shi ba tare da ya ce ta zo ba.

Sun isa ana shirin ba yara abincin rana, kowane yaro yana zaune a inuwa da kwanonsa. Mgboye ta tsaya a kan wata yarinya mai ƙiba, mai kitso biyu, wadda ake kira Mari. Yarinyar ba ta jin harshen Ibo sai Faransanci, kuma da aka nuna mata su sai ta ɓuya a bayan mai renonsu. Ban da haka, akwai wata mata mai suna Nwugo, daga wajen Orlu, wadda ta riga su zuwa, ta kuma rantse cewa 'yarta ce, har ta kawo mata 'yar riga. Matan biyu suka tsaya kowace tana kuka tana faɗin kamannin da ta gani. Jami'ar masaukin ta ce ba za ta ba kowa yarinya a kan kama ba, sai da hujja.

Sai Mgboye ta juya ta dubi mijinta ido da ido, ta ce, “Maigida, kai ka ba da ita. Kira ta.”

Udemezue ya ce, “Ta yi ƙanƙanta a lokacin. In ba ta amsa ba fa?”

“In ba ta amsa ba, ba tamu ba ce, mu bar wa baiwar Allah 'yarta. Kira ta.”

Ya koma can bakin ƙofar harabar, inda yarinyar ba ta ganinsa, ya ciro oja daga jaka. Busar farko iska kawai ta fito, domin leɓɓansa sun bushe. Ya lashi baki ya sake. Taken Ifenkili gajere ne, ba ya wuce numfashi ɗaya. Yara duka suka waiwaya saboda baƙon sauti, sa'an nan suka koma ga surutunsu. Ita kaɗai ta miƙe. Ta ɗauki kwanonta, ta ratsa tsakanin matan biyu ba ta dubi kowa ba, ta je wurin randa ta wanke hannu, sa'an nan ta taka har bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa a gaban mai busa, ta miƙa masa kwanon.

Nwugo ta naɗe 'yar rigar da ta kawo, ta nufi hanya. Mgboye, tun ba ta taɓa 'yarta ba, ta bi ta da gudu ta riƙe ta, suka zube a gefen hanya tare. Daga baya Nwugo ta zama kamar 'yar gida a Umuodala. Duk bikin sabuwar doya sai ta zo, Ifenkili kuma tana kiranta Inna har matar ta rasu a 1988. Ba a taɓa samun tata 'yar ba.

Bayan Yaƙi

A shekarar 1972 aka haifa musu ɗan auta, Chukwudalu. Dangi sun daɗe suna matsa wa Udemezue ya yi wa Obidike jana'iza ko da babu gawa, yana cewa a ƙara haƙuri, tun da ɗaya ta dawo. Sai a 1976 ya amince, aka binne guntun itacen ayaba a madadinsa kamar yadda aka saba, kuma shi da kansa ya tsaya ya busa wa ɗansa take, bai yarda wani ya karɓe shi ba.

A cikin waɗannan shekaru ne coci ta buɗe ƙofa ga kayan kiɗan gargajiya, aka fara jin kuge da udu da ganga a wajen ibada, kuma Mgboye ce ta jagoranci matan da ke kaɗa udu. A 1978 wani sabon fada, limamin coci ɗan ƙasa, ya zo har zaure ya roƙi Udemezue ya yi busa a bikin Ista, a harabar nan da aka taɓa karya masa sarewa. Ya je ya yi, kuma a shekarar da ta biyo aka yi masa baftisma da sunan Silbanus, sunan da ba wanda ya taɓa kiransa da shi sai Nnabuenyi, shi ma don tsokana. Yakan ce, “Silbanus, yanzu kai da dodanni yaya ke nan? Ranar Lahadi kana can, ranar Nkwo kana nan. Ranar ƙiyama layi biyu za ka bi?” Udemezue ya ce, “Duk layin da na bi, ai kana bayana kana jiran in taimake ka.”

Tsufa

Ya koyar da samari da dama, amma kusan dukansu fatauci ya janye su zuwa Onitsha da Legas da Kano, inda suka buɗe shaguna suka manta da taken gidajensu. Wanda ya zauna shi ne Iloka, wani manomi da ya fara koyo tun kafin yaƙi, wanda shi ma ya riga ya manyanta. A hankali masu kuɗi suka koma ɗauko 'yan badujala da manyan lasifikoki a wajen makoki, mai oja kuma sai a ba shi ɗan lokaci da safe kafin a tayar da janareta. Udemezue bai taɓa yin faɗa a kan haka ba. Iyakarsa ya ce waɗannan kayan suna da ƙara, amma ba su san sunan mamacin ba.

Nnabuenyi ya rasu a 1996, kuma a wajen binne shi ne Udemezue ya yi busarsa ta ƙarshe a gaban jama'a, domin haƙoransa na gaba sun zube, iska ta daina tsaya masa. Ya shafe sauran shekarunsa a zaure yana sassaƙa oja yana rabawa duk wanda ya nuna sha'awa, Mgboye tana gefensa tana ɓare gyaɗa, suna musu a kan shekarar da abu kaza ya faru.

Rasuwa da Jana'iza

Udemezue Anyadike ya rasu a gidansa da ke Umuodala a cikin watan Oktoban 2003, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara saba'in da tara. An jinkirta jana'izarsa zuwa watan Disamba domin 'ya'ya da dangi su hallara daga wuraren zamansu. Bayan an idar da addu'a a coci, aka kawo shi ƙofar zaurensa inda aka haƙa kabari, kuma bisa umarnin Mgboye aka kashe janareta, 'yan badujala suka ajiye kayansu.

Mai busa ba ya busa taken kansa, saboda haka da yawa daga cikin matasa ba su san cewa Udemezue yana da nasa ba, wanda kawunsa ya tsara masa ranar da ya yaye shi: ƙaramin itace mai tayar da manya. Iloka, wanda a lokacin ya doshi saba'in kuma yana fama da tari, ya tsaya a kan kabarin ya fara. Ya kai tsakiya numfashi ya yanke masa. Ya sake ɗauka, ya sake yankewa a wuri guda, ya tsaya yana haki da oja a hannu. Sai Mgboye, daga inda take zaune a kan tabarma, ta ɗauki taken da baki daga inda ya tsaya. Tsofaffin mata suka kama mata, dattawa suka shigo da muryoyinsu masu kauri, waɗanda ba su san kalmomin ba suka bi da guɗa, aka yi ta maimaitawa har aka gama mayar da ƙasa.

Ya rasu ya bar matarsa, Mgboye, wadda suka yi zaman kusan shekara hamsin da huɗu tare, da 'ya'ya uku: Anozie, mai sayar da kayan gyaran mota a Nnewi, Ifenkili, ungozoma a Enugu, da Chukwudalu, malamin makaranta a Umuodala, wanda yake zaune a gidan. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya ba shi hutawa tare da iyayensa da ɗansa Obidike, Ya kuma sa ƙasar Umuodala ta yi masa sauƙi.